Igiyar Ɓawo da Masu Tufkarta a Kudancin Kaduna

Duk tsohuwar kukar da ke kusa da gari, a dubi gindinta. Daga ƙasa zuwa inda hannun mutum yake kaiwa, da wuya a same ta sumul. Za a ga tabo a jere, wani dogo, wani mai kusurwa huɗu, wani ya cike har bakinsa ya yi tudu, wani kuma sabo ne, launinsa bai gama komawa toka-toka ba. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka cuta ce ko ɓarnar yara. Aikin masu igiya ne. Kowane tabo wurin da wani ya yanki ɓawo ne, ya kai gida, ya jiƙa, ya buga, ya tsefe, ya murza, har ya zama abin da zai riƙe guga a rijiya ko ya tsare saniya a turke. Itaciyar kuwa tana nan da ranta, tana ba da ganyen miya kowace damina.

Kudancin Kaduna ba cibiyar kuka ba ce. Ruwa yana sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kuma ya fi na Kano da Katsina nesa ba kusa ba. Saboda haka dajin nan na doka ne da ɗorawa da kaɗanya, ga tukurwa da kwakwar manja a bakin rafuka. Kuka ta fi son inda mutane suka daɗe da zama: tsohuwar kasuwa, kufai, ko zangon da fatake suka riƙa sauka. Kafanchan kanta jirgin ƙasa ne ya raya ta, tun da layin dogo ya haɗu a nan a 1927, sannan hedikwatar masarautar Jama'a ta dawo garin a 1933. Amma ƙauyukan Fantswam da Kagoro da na Bajju da Atyap da Ham sun riga dogo da daɗewa, kuma duk ɗakin jinka da rumbun da aka taɓa kafawa a cikinsu da igiya aka ɗaure shi, babu ƙusa ko ɗaya. Tun da kuka ba ta wadata ba, mai tufka a wannan yanki dole ya san itace fiye da ɗaya. Wannan ƙarancin ne ya faɗaɗa masa sani.

Ya san kalgo, mai ganye tsage biyu, wanda ke cika saura da gefen gona. Ɓawon ɗanyen reshensa yana saɓulewa da hannu, kuma shi ne na ɗaurin gaggawa. Ya san kukkuki, wanda ke tsirowa a tsakanin duwatsu, mai fatar da ke ɓarewa da kanta, ga ƙaro yana tsattsafowa a jikinsa. Ya san dargaza, wadda ɓawonta ke da yauƙi, har mata suna amfani da shi a girki, maginan gargajiya kuma suna zuba ruwansa a kwaɓin ƙasa. Sai rama, wadda ba bishiya ba ce, shuka ce ta shekara ɗaya, a ci ganyenta a fate ko kwaɗo, a saɓule kararta a yi igiya. Wani likitan Turawan mulki, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen waɗannan itatuwa da amfaninsu a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya ƙara faɗaɗawa a wani babban littafi a 1937. Abin da ya rubuta daga bakin manoma da masu sana'a ya ji shi. Abin da takarda ba ta iya ɗauka ba shi ne yadda yatsa ke gane ɓawon da ya nuna.

Sai an san ginin ɓawo ake gane aikin. Ɓawon itace hawa biyu ne. Na waje busasshe ne, mai kaushi, aikinsa kare itacen daga rana da wuta da ƙwari, kuma ba shi da wani amfani ga mai igiya. Ƙarƙashinsa akwai na ciki, mai danshi, mai haske. Ta nan abincin da ganye ya haɗa yake gangarawa zuwa saiwa. Hanyoyin da abincin ke bi masu laushi ne, don haka Allah ya jera musu zaruruwa masu tauri a tsaye, suna tallafe su. Waɗannan zaruruwan mai tufka yake nema. Wannan ne kuma dalilin da ya sa idan aka zagaye gindin ɗorawa ko mangwaro da gatari aka cire ɓawon gaba ɗaya, itacen ke mutuwa sannu a hankali: ruwa yana ci gaba da hawa ta cikin itace, amma abinci ya daina sauka, sai saiwa ta mutu da yunwa. Kuka ta fita daban. Cikinta laushi ne, galibinsa ruwa, kuma naman da ke ƙarƙashin ɓawon yana da rai, yana iya tsirar da sabon ɓawo daga fuskar raunin kanta. Shi ya sa take jure abin da zai kashe wata bishiyar.

Kayan aikin ba su da yawa. Gatari ko gizago, wuƙa mai kaifi, guntun itace mai tauri da aka fiƙe bakinsa ya yi faɗi, kulki, da kututturen da za a yi bugu a kai. Kafin a ɗauki ko ɗaya, sai an nemi izini, domin kuka tana da mai ita ko da a daji take tsaye. "Baba, ina son in ɗan yanki ɓawo a kukar bayan gida." Dattijon zai tambaya ta wane gefe, domin ya fi kowa sanin inda aka yanka bara da bara waccan. Wasu kukokin ma ba a kusantar su da ƙarfe sam, saboda abin da aka yi imani yana zaune a cikinsu, kuma ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, tsoron ya tsare bishiyoyi da yawa.

Akwai kuma lokaci. Ɓawo ya fi rabuwa da itace sa'ad da ruwa ya hau jikinsa, wato daga farkon damina zuwa kaka. Da tsakiyar rani yakan manne, sai an sha bugu. Matsalar ita ce lokacin da ɓawo ke da sauƙi shi ne lokacin da gonar citta da masara da acca ba ta barin kowa ya zauna, lokacin da ake da sukunin tufka kuma ɓawo ya yi gardama. Mai dabara yakan saci yini ɗaya cikin damina ko da kaka ya tara ɓawonsa, ya shanya, ya naɗe, ya rataye, ya jira hunturu. Wanda ya bari sai ranar da iska ta yaye masa jinka, shi ne za a gani yana ta faman sara da tsakar rana yana zagin itace.

A gindin kukar, mai aikin yakan fara da shafa. Yana neman wuri mai santsi, ba kulli, ba tsohon rauni da bai warke ba, domin zare yana bin miƙewar ɓawo, inda ɓawo ya murɗe zare ma a murɗe yake kuma gajere. Idan ya samu, sai ya kankare fatar waje da gizago, a hankali, har launin ciki ya bayyana. Sannan ya yi sara biyu a kwance, ɗaya sama ɗaya ƙasa, tsakaninsu kamu biyu ko uku, ya haɗa su da tsaga biyu a tsaye. Zurfin saran shi ne gwajin farko na gwaninta. Idan bai kai ba, ɓawon zai yage rabi ya bar mafi kyawunsa a jikin itace. Idan ya zarce, an ji wa naman kukar ciwo, ruwan sama zai kwanta a ciki, ruɓa ta shiga. Gwani da kunne yake ji: ƙarar gatari tana sauyawa idan ya ratsa ɓawo ya taɓa itace, sai ya tsaya.

Daga nan sai bugu. Da ƙotar gatari ko kulki yake bin wurin da ya shata, yana dukansa daga gefe zuwa tsakiya, ba da ƙarfin fasa dutse ba, da ƙarfin da zai sa ɓawo ya saki. Sai ya cusa fiƙaƙƙen itacen nan ta saman tsagar, ya ɗan ɗaga, ya matsa gaba, ya sake ɗagawa. Ba ya sa ƙarfe a nan, don ƙarfe yanka yake yi, itace kuwa rabawa yake yi. Idan baki ya ɗagu yadda hannu zai shiga, sai ya kama da hannu biyu ya ja ƙasa, yana jingina nauyin jikinsa baya, ba fizga ba. Ɓawon yakan taho da wata ƙara mai tsawo, ya faɗo falle guda, cikinsa jiƙe, yana sheƙi.

A nan ake bambanta mai sana'a da mai kwaɗayi. Mai sana'a gefe ɗaya yake ɗauka, ya bar saura, ya tafi wata kukar. Ya san cewa jurewa ba ta nufin ba a ji ciwo ba. Masu binciken da suka auna kukokin da ake yawan saɓulewa a Zimbabwe sun ƙiyasta cewa ɓawo yana bukatar shekara 6 zuwa 10 kafin ya koma kaurinsa na farko, kuma wanda aka yanka kafin lokacin siriri ne, zarensa ba ƙarfi. Tsofaffinmu ba su ƙirga da alƙalami ba, amma lissafin nasu bai yi nisa da wannan ba, tun da sukan ce a bar gefen nan sai yaron da ake goye da shi ya isa kiwo. A Uganda, masu yin tufa da ɓawon wata bishiya dangin ɓaure da suke kira mutuba har naɗe gindin suke yi da ɗanyen ganyen ayaba bayan sun saɓule, don kada rana ta busar da raunin, kuma da haka itace ɗaya yake ba su ɓawo shekara bayan shekara. Ga ayaba a kowane bayan gida daga Kagoro zuwa Kwoi. Dabara ce da ta cancanci a gwada.

Abin da aka kawo gida bai zama zare ba tukuna. Idan aka dubi bakin fallen za a ga hawa-hawa ne, shimfiɗa kan shimfiɗa, kowace da ƙananan ramuka a jikinta. Na kusa da waje masu kauri ne da kaushi, na kusa da itace kuwa sirara, masu laushi da haske. Mai aikin yakan sa farce ko bakin wuƙa ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yana ware su kashi biyu: masu kaushi na igiyar dabbobi, masu laushi na siririn zare, irin na ragaya ko tsirkiya ko ɗinkin faifai. Wanda ya cakuɗa su zai sami igiya mai fuska biyu, wani wuri tauri wani wuri laushi, kuma a mahaɗar biyun take tsinkewa.

Sai jiƙo. Abin da ke manne zaruruwa da juna wani danƙo ne na itacen, ruwa kuma yana narkar da shi, musamman ruwan da ya kwanta, inda ƙananan halittun da ido ba ya gani suke cinye danƙon su bar zaren. Ɓawon kuka ba ya bukatar dogon jiƙo, wani ma da ɗanyensa ake bugawa. Rama ce ke kwana da kwanaki a kududdufi, an danne ta da dutse, har mako ɗaya ko biyu gwargwadon zafin ruwan. Da sanyin hunturu jiƙo yana jinkiri, da zafi yana sauri. Babu agogon da zai faɗi ranar fitarwa, sai hanci da yatsa. Za a ciro tsinke ɗaya a murza: idan zare ya rabu da kansa ya yi santsi, ya yi. Idan aka ƙara kwana biyu a kan haka, ruɓar da ta gama da danƙo za ta juya kan zaren, a fito da abu mai kyan gani wanda yaro zai tsinke da hannu.

Bayan an ɗauraye, sai a shimfiɗa a kan kututture a bi shi da kulki, ana juyawa, ana matse ruwan, har ya yi laushi ya baje. A tsefe da yatsu, a cire ɓurɓushin da ya maƙale, a rataye a inuwa mai iska. Rana mai tsanani tana sa zare ya yi ƙarau, ya riƙa karyewa wajen murzawa. Idan ƙaramin aiki ne, irin zaren tarko, wasu a baki suke tauna ɓawon har ya yi laushi, kuma babu kulkin da ya kai haƙori iya wannan.

Tufkar kanta a zaune ake yin ta, shi ya sa mai wucewa yake ɗauka hutu ne. Mai tufka yakan yayyafa wa zaren ruwa ya ɗan yi danshi, ya naɗe wandonsa zuwa cinya, ya shafa ɗan toka a fatar don kada zare ya zame ko ya tsinke masa gashi. Ya ɗebi zare kashi biyu daidai wa daida, kowane kashi shi ne sili ɗaya. Ya ƙulle kansu wuri guda, ya riƙe ƙullin da hannun hagu, ya kwantar da sili biyun a cinyarsa da ɗan tazara tsakaninsu. Sai ya ɗora tafin dama a kansu ya tura gaba zuwa gwiwa. Turin nan ɗaya yana murɗa kowane sili shi kaɗai, duka biyun ta fuska guda. A ƙarshen turin sili biyun sun haɗu. Sai ya ɗan saki hagu, ya jawo tafin baya, su kuwa su naɗe juna ta ɗaya fuskar. Gaba, baya, ya matsar da yatsun hagu zuwa inda tufkar ta tsaya, ya sake. Idan hannu ya saba, ido ba ya iya raba motsin biyu, sai dai a ga igiya tana tsiyaya ta gefen cinya tana taruwa a ƙasa.

Duk sirrin igiya yana cikin wannan saɓanin. Sili ɗaya, kome murɗa shi, da an saki zai warware, domin zare yana son komawa yadda yake. Amma idan aka murɗa sili biyu dama, aka naɗe su da juna hagu, yunƙurin da kowanne yake yi na warwarewa shi ne yake ƙara matse shi a jikin ɗan'uwansa, kamar 'yan kokawa biyu da suka sarƙe, kowa yana turi, turin ne kuma ya hana su faɗuwa. Idan aka ja igiyar, matsin yana ƙaruwa, gajerun zaruruwan da ba wanda ya wuce kamu uku a cikinsu su cije juna su zama abu ɗaya mai gaba ashirin. Babu danƙo, babu ƙulli a tsakiya. Shi ya sa gwani yake ɗaga abin da ya tufka ya sake shi ya rataya: idan ya tsaya shiru, murɗi da naɗi sun yi daidai. Idan ya shiga juyawa yana cukurkuɗewa, ɗaya ya rinjayi ɗaya, kuma gara a warware tun yanzu.

Wurin da ya fi wuya shi ne ƙari. Zare yana ƙarewa, igiya kuwa tana bukatar ci gaba. Tun kafin sili ya ƙare, da ya fara sirancewa, mai tufka yake ɗauko sabon zare, ya fiƙe kansa da farce ya yi siriri, ya kwantar da shi a kan wutsiyar tsohon, ya murza su tare, yadda kaurin da ɗaya yake rasawa ɗayan yana cikewa. Kuma ba ya taɓa yin ƙari a sili biyu wuri ɗaya. Tun farko da gangan yake sa ɗaya ya fi ɗaya tsawo, don idan wannan yana kan gaɓa, wancan yana da cikakken ƙarfinsa. A bi igiyar gwani da yatsa daga kai zuwa wutsiya, ba za a gane inda ya yi ƙari ba. Ba mamaki a biranen Hausa, Kano da Zariya da sauransu, an daɗe da sanin makafi da wannan sana'a. Kaurin sili da ƙarfin murɗi da danshin zare duk abubuwa ne da fata ta fi ido saurin ganewa, har mai ido ma idan ya ƙware ba ya kallon hannunsa, hira yake yi.

Igiya mai kauri ba ta murzuwa a cinya. Ita sai a ɗaura kanta a babban yatsan ƙafa ko a turke, a miƙe ƙafa don ta yi tauri, a riƙa murɗa sili da yatsu ana ketara shi kan ɗan'uwansa, a karɓi wancan a murɗa a ketara. Idan tufka ta yi tsawo har hannu ya yi nisa da ƙafa, a naɗe abin da aka yi a yatsan a ci gaba. Igiyar rijiya da ta shanu sili uku ake yi musu. Wasu tare suke tafiyar da ukun, wasu kuma sai sun gama biyu, su dawo su kwantar da na ukun a cikin kwarin da ke tsakaninsu, yana bin sa zagaye bayan zagaye. Mai sili uku ta fi zama mulmulalliya, ta fi jure gogar bakin rijiya, kuma ko sili ɗaya ya cinye, biyu za su riƙe guga har a lura. Idan an gama, a ɗaure ta tsakanin itatuwa biyu a ja ta sosai ta kwana a miƙe, a goge ta da totuwar masara ko tsumma, a bi ta da harshen wuta sama-sama don gashin da ya tsaya ya ƙone. A ɗaure bakinta da siririn zare kada ta tsefe.

Wannan dabara ta girmi duk wani tarihin da aka rubuta. A 2020 masu binciken kayan tarihi suka ba da labarin wani guntun zare da aka tono a Abri du Maras, a kudancin Faransa, tsawonsa kimanin milimita 6 ne, shekarunsa sun haura 40,000. Da ɓawon ciki na itace aka yi shi, sili uku, an murɗa kowanne ta fuska ɗaya an naɗe su ta ɗayar, daidai yadda ake yi a gindin mangwaro a Zonkwa. A nan gida ma, mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa a ƙasar Ham a 1928, da yawansu suna ɗauke da jerin duwatsun ado a wuya da ƙugu da hannu, kuma dutsen ado ba ya zama a wuya sai da zare. Yumɓun ya tsira, zaren ƙasa ta cinye.

Kowane aiki kuma da irin igiyarsa. Mai jinka ba ya ɓata tufkakkiyar igiya wajen ɗaure tanka. Ɗanyen kalgo yake so, a saɓulo shi da safe, a tsaga faɗin yatsa, a ɗaura tun yana da danshi, domin yana bushewa yana tsukewa, ɗaurin yana ƙara cijewa, ya rine ya yi ja. Idan ya bushe kafin a yi amfani da shi, a jiƙa shi ya dawo. Da shi ake ɗaure zana a jikin dirka, da damin dawa, da itacen da mata ke ɗaukowa daga daji. Mai zuma yana son igiyar da za ta riƙe amya a kan reshe damina guda ba ta saki ba. Fulanin da ke kiwo a Ladduga da kewayen Kachia suna da dangwali, doguwar igiya mai hannaye a jere inda ake ɗaure maruƙa da yamma, kowane ɗan maraƙi da gurbinsa, ga dabaibayi na ƙafa. A waɗannan, laushi ya fi ƙarfi muhimmanci, domin abin da zai kwana a wuyan ɗan maraƙi bai kamata ya ci fata ba. Mata kuma suna son siririya mai kyan gani don ragayar da za a rataye ƙwarya.

A wasu ƙasashe an kai ɓawo har ga sutura. Baganda na Uganda ba saƙa suke yi ba, bugun ɓawon mutuba suke yi da guduma ta itace mai tsaga-tsaga, sa'o'i da yawa, har falle ɗaya ya baje ya ninka faɗinsa sau da dama ya zama mayafi ja, kuma UNESCO ta sa wannan sana'a cikin gadon al'adun duniya a 2005. A Zimbabwe ana rina zaren kuka a saƙa tabarmi da jaka da hula. A ƙarni na 19 har Ingila aka riƙa kai ɓawon kuka daga Angola ana yin takarda da shi. Mu a nan auduga ta riga ta tare wurin tufa tun da daɗewa, sai ɓawo ya tsaya a igiya da ragaya da kayan ɗauri. Rama ce ta kusa shiga masana'anta, lokacin da aka kafa ma'aikatun buhu a Jos da Badagry a shekarun 1960, amma ba su ɗore ba, yau cittar da ake lodi a Kafanchan da Kachia a buhun leda take tafiya.

Igiyar roba ta ci kasuwa, kuma da dalili. Tana da araha, ba ta ruɓewa a ruwa, gara ba ta cin ta. Ba zan ce wa mai rijiya ya bar ta ba. Amma tana da santsi, ƙulli yana zamewa, rana tana cinye ta ta zama gari, tana ƙona tafin hannu, tana yanka wuyan akuya, guntunta kuma idan saniya ta haɗiye ba ya narkewa. Abin sha'awa shi ne hannun da ya iya tufka bai tsaya jiran kuka ba. A kasuwannin ƙauye za a ga dattijo ya warware tsohon buhun taki zare-zare, yana tufka shi da murɗin nan da naɗin nan da ƙarin nan, ba abin da ya sauya sai kayan. Sau da yawa a inuwa ɗaya yake zaune da samarin da suka fito tun hantsi, ana hira ɗaya, ana dariya ɗaya. La'asar na yi kowa ya miƙe ya kaɗe rigarsa, shi kuma ya naɗe gaba goma a gwiwar hannu.

Mai sayen igiyar ɓawo ba ya tambayar kuɗi da farko. Yakan kama ta da hannu biyu ya murɗa ta baya, ya buɗe tsakanin sili ya duba ciki: idan cikin fari ne mai tsabta an wanke zaren da kyau, idan baƙi ne yana zubar da gari jiƙo ya zarce. Ya sunsuna. Ya bi ta da yatsa yana neman kumburi. Ya taka kai ɗaya ya ja da ƙarfinsa. Sannan ya buɗe hannuwansa ya auna, daga yatsa zuwa yatsa gaba ɗaya ke nan, ya ce, "Baba, nawa gaba?" Idan an daidaita, mai igiyar yakan ƙara masa da abin da ya kamata ya sani: kada ya bar ta kwance a ƙasa saboda gara, idan ta jiƙe ya shanya ta a miƙe, da damina ya rataye ta a madafa inda hayaƙi ke kaiwa. Idan kuma wuri ɗaya ya cinye, kada ya ƙulla, ya kawo a warware kamu ɗaya ta kowane gefe, a saka sili cikin sili, a mayar da ita.